Awo da Lokaci a Rarrabuwar Ƙwayoyin Tushe na Tayi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ƙwayar tushe ta tayi, wadda ke iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki, take barin wannan hali ta kama hanya ɗaya. Bayanin da ya fi yawo a azuzuwa shi ne na makunni: a kunna wannan gaɓa, a kashe waccan, sai ƙwaya ta zama ta hanta ko ta ƙwaƙwalwa. Takardar ta bi gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓera da ɗan Adam tun daga 1981, ta nuna inda wannan misali ya gaza. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne hukunci ya rataya ne a kan yawan furotin ɗin da ke nan, da abokin da ya haɗu da shi, da lokacin da saƙo ya iso.

1. Gabatarwa

Zan fara da gyaran kalmomi, domin a wannan fage akwai kalma ɗaya da muke ɗora wa kaya biyu. A rediyo da jarida, “ƙwayar halitta” takan tsaya a madadin ɗan ƙaramin ɗakin nan mai rai da aka gina jiki da shi, kuma takan tsaya a madadin abin da ɗa ke gada daga iyaye. A nan zan bar wa na farkon sunan, in riƙa cewa ƙwaya a taƙaice. Na biyun zan kira shi gaɓar gado, saboda yanki ne na doguwar igiyar DNA, kamar yadda gaɓa take a jikin rake. Kafin gaɓa ta yi aiki sai an kwafe ta zuwa RNA, daga nan a ƙera furotin. Furotin ɗin da ke hawa kan DNA su ce a kwafi wannan a bar waccan, su zan kira jagororin kwafi. Ɗan Adam na da wajen 1,600 daga cikinsu.

Matsalar da ke gabanmu tsohuwa ce. Jikin baligi na ɗauke da ƙwayoyi wajen tiriliyan 30, iri sama da 200, kuma dukkansu daga ƙwaya ɗaya tilo suka fito. Ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa ba su yi kama ba, a siffa ko a aiki, amma gaɓoɓin gadonsu ɗaya ne, kimanin 20,000 masu ƙera furotin. An taɓa zaton ko ƙwaya na zubar da gaɓoɓin da ba ta buƙata ne idan ta kama sana'arta. John Gurdon ya kawar da wannan zato a Oksfod a 1962. Ya ɗauki cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, inda DNA ke zaune, ya sa ta cikin ƙwan kwaɗo da aka lalata tasa cibiyar, sai ga cikakken talibambam. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da komai ba, ajiyewa ta yi ta rufe.

Ƙwayar da ta fi dacewa a tambaya wa ke buɗewa wa ke rufewa ita ce wadda ba ta riga ta zaɓi komai ba. Kwana 5 zuwa 6 bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, tayin ɗan Adam ƙwallo ne mai rami a ciki, wanda ake kira bilastosis. Ɓawonsa na waje shi ke zama mabiyiya. Ta ciki, a gefe ɗaya, akwai ɗan curin ƙwayoyi, kuma daga wannan curi jariri dukansa ke fitowa. A ɓera wannan mataki na zuwa a kwana uku da rabi. A 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Kambirij, da Gail Martin a San Faransisko, suka ciro ƙwayoyin curin ɓera suka raya su a tasar gwaji. Na ɗan Adam sai a 1998, a hannun James Thomson na Jami'ar Wiskonsin, daga ragowar tayin da ma'aurata masu neman haihuwa ta asibiti suka bayar. Waɗannan ƙwayoyi na hayayyafa ba iyaka, kuma suna iya zama kowace cikin shimfiɗu uku da jiki ke fitowa daga gare su: ta waje mai ba da fata da ƙwaƙwalwa, ta tsakiya mai ba da tsoka da ƙashi da jini da zuciya, da ta ciki mai ba da hanji da hanta da huhu. Ya kamata a riƙe abu ɗaya tun yanzu. A cikin tayi wannan hali na ɗan lokaci ne, 'yan kwanaki kawai. Tasa ce ta mai da zango gida, kuma wasu daga cikin abubuwan da muka gani a tasa halin tasar ne.

2. Masu riƙe ƙwaya a inda take

Jagorori uku suka yi suna a nan: Oct4 da Sox2 da Nanog. A 1998 Jennifer Nichols da Austin Smith a Edinbura suka nuna cewa tayin ɓeran da aka cire wa Oct4 yakan kai matakin bilastosis, amma ƙwayoyin cikinsa duk sai su koma irin na mabiyiya, ba abin da zai zama ɗa. A 2003 aka ga makamancin haka ga Sox2 a Landan. A shekarar dai Ian Chambers da Smith, da rukunin Shinya Yamanaka a Nara ta Japan, kowa ta hanyarsa, suka gano na ukun. Chambers ya raɗa masa Nanog, daga sunan ƙasar da ba a tsufa a tatsuniyoyin mutanen Ayilan.

Yadda ukun ke aiki tare ya fito fili a 2005, lokacin da rukunin Richard Young na Cibiyar Whitehead ya bi sawunsu a kan DNA ɗin ƙwayoyin ɗan Adam. Sun same su zaune tare a ƙofar gaɓoɓi aƙalla 353. Cikin waɗannan har da nasu gaɓoɓin: kowanne na zuga kwafin kansa da na sauran biyun, tamkar duwatsun murhu uku da ke riƙe tukunya ɗaya. Wani kaso mai yawa na gaɓoɓin da suka hau kuwa shiru suke, kuma da dama cikinsu na jagororin da ke tafiyar da ginin sassan jiki ne daga baya.

Daga waje ma akwai masu taimako. Tun 1988 aka san furotin LIF na hana ƙwayoyin ɓera rarrabuwa a tasa, daga baya aka gano cewa ta hanyar wani jagora mai suna STAT3 yake yin haka. Wannan ya sa an daɗe ana ɗaukar ƙwayar tushe a matsayin wadda sai an yi ta lallashi daga waje kafin ta zauna. A 2008 Qi-Long Ying da Smith suka juya wannan fahimta. Maimakon su ƙara wa ƙwaya saƙo, sai suka toshe mata kunne da sinadarai biyu, ɗaya na tare furotin MEK, ɗaya na tare GSK3. Ƙwayoyin suka zauna lafiya, har da waɗanda ba su da STAT3 sam. Saƙon da toshe MEK ke tarewa shi ne na FGF4, wanda aka nuna a 2007 cewa ƙwayar da ba ta da shi takan ƙi fita zuwa jijiya ko shimfiɗar tsakiya. To wa ke ƙera FGF4? Ƙwayar tushen ce da kanta, kuma gaɓarsa na cikin waɗanda Oct4 da Sox2 ke zugawa kai tsaye. Da ɗan gari akan ci gari: masu riƙe ƙwayar su ne ke ƙera saƙon da zai fitar da ita.

3. Awo

A nan misalin makunni ya fara tangaɗi. Makunni hali biyu gare shi, kunne ko kashe. A 2000 Hitoshi Niwa da Jun-ichi Miyazaki da Smith suka gina ƙwayoyin ɓera da za su iya ɗaga yawan Oct4 ko su sauke shi yadda suka so. Da suka kashe shi, ƙwayoyin suka zama irin na mabiyiya, kamar yadda ake tsammani. Da suka ɗaga shi, ƙarin da bai ma kai ninki biyu ba, ƙwayoyin ba su ƙara kafuwa ba. Fita suka yi, zuwa shimfiɗar tsakiya da irin ƙwayoyin da ke gina jakar ciyar da tayi. Gaɓa ɗaya, sakamako uku, bambancin kawai a mudu.

Shekara 13 bayan haka labarin ya ƙara karkata. A 2013 rukunin Chambers a Edinbura da na José Silva a Kambirij suka nuna cewa ƙwayar da aka rage wa Oct4 zuwa wajen rabi, ba a kashe shi ba, ta fi ta yau da kullum kafuwa. Ita ce ma ke jan ƙafa idan an ce ta rarrabu, har sai an mayar mata da cikakken awonta. Wato furotin ɗin da muke koya wa ɗalibai cewa shi ne mai gadin ƙofa, ana buƙatarsa wajen buɗe ta.

Ta yaya abu ɗaya zai yi aiki biyu masu karo da juna? Amsa ɗaya ta zo daga Harbad a 2011, daga Matt Thomson da Sharad Ramanathan, waɗanda suka riƙa auna Oct4 da Sox2 a ƙwaya ɗaɗɗaya yayin da take fita. Sun ga Nanog ne ke fara sauka. Daga nan abokan biyu sai su rabu: inda Oct4 ya rinjayi Sox2, ƙwayar ta nufi shimfiɗar tsakiya da ta ciki, inda Sox2 ya rinjaya, ta nufi jijiya da ƙwaƙwalwa. Kowannensu na danne hanya ɗaya yana tura ƙwaya ɗaya hanyar. Muddin ƙarfinsu ya zo ɗaya, ƙwayar na tsaye cik, kamar igiyar da ƙarti biyu ke ja. Amsa ta biyu ta shafi abokin tafiya. Oct4 da Sox2 na zama ne kafaɗa da kafaɗa a kan ɗan gajeren jerin haruffan DNA. Idan Sox17 ya yawaita, Oct4 kan kama shi a madadin Sox2, kuma su biyun wani jerin haruffa dabam suke ganewa, na gaɓoɓin shimfiɗar ciki. Oct4 bai sauya ba, wanda ke gefensa ne ya sauya.

Nanog ma ba a tsaye yake ba. Chambers ya nuna a 2007 cewa a tasa ɗaya wasu ƙwayoyi na da shi da yawa, wasu kaɗan, kuma ƙwaya ɗaya takan sauka ta sake hawa. Lokacin da ya sauka ne ƙwayar ta fi saurin amsa kiran fita, amma in kiran bai zo ba sai ta koma yadda take.

Mai karatu na iya cewa duk wannan a tasa ne. Tayin da kansa yana ba da shaida. Zaɓi na farko a rayuwar ɓera, tsakanin mabiyiya da curin ciki, rukunin Hiroshi Sasaki a Japan ya warware shi a 2009. A ƙwayoyin da suka sami kansu a waje, furotin YAP na shiga cibiya ya haɗu da Tead4 su ɗaga Cdx2, jagoran hanyar mabiyiya. A waɗanda ke tsakiya, kewaye da maƙwabta ta ko'ina, ana tsare YAP a wajen cibiya. Cdx2 da Oct4 kuwa kishiyoyi ne, kowanne na danne gaɓar ɗayan, don haka ɗan rinjayen da mazauni ya haifar sai ya girma ya zama hukunci. Zaɓi na biyu a cikin curin ne, tsakanin ƙwayoyin Nanog, waɗanda za su zama ɗa, da na Gata6, masu gina jakar ciyar da tayi. Claire Chazaud da Janet Rossant a Toronto sun gani a 2006 cewa ƙwayoyin biyu na fara bayyana ne a cakuɗe, kamar an gauraya gero da dawa, daga baya kowa ya nemi wurinsa. A 2010 rukunin Rossant ya nuna cewa in aka toshe saƙon FGF, curin duka sai ya zama na Nanog. In aka cika masa FGF4, duka sai ya zama na Gata6.

4. Sirdi da dabaibayi

Jagora ba ya hawa DNA tsirara. Igiyar da ke cikin ƙwaya ɗaya ta kai tsawon mita 2, kuma an naɗe ta a kan dunƙulen furotin da ake kira histon, haruffa 147 a kowane dunƙule. Ana liƙa wa histon ƙananan alamomi na sinadari, galibi na metil da asetil, waɗanda ke sa naɗin ya saki ko ya ƙara matsewa. Biyu daga cikinsu sun shafe mu. Metil uku a matsayi na 4 na histon H3 alamar buɗewa ce. Metil uku a matsayi na 27 alamar rufewa ce, kuma rukunin furotin na Polycomb ke liƙa ta. Sunan ya fito ne daga wani ƙuda da Pamela Lewis ta bayyana a 1947, wanda ya fito da ƙarin gashi mai kama da mataji a ƙafafun da bai kamata ba, saboda gaɓoɓin da ya kamata su yi shiru a can sun buɗe baki.

A 2006 Bradley Bernstein da abokansa a Boston, da rukunin Amanda Fisher a Landan, suka tarar da abin da ba a zata ba. A ƙwayoyin tushe, gaɓoɓin da ke tafiyar da ginin jiki na ɗauke da alamomin biyu a tare, ta buɗewa da ta rufewa. Doki ne da aka ɗaura wa sirdi aka kuma sa masa dabaibayi. Idan ƙwaya ta kama hanyar jijiya, gaɓoɓin jijiya su zubar da dabaibayi, na tsoka kuwa su zubar da sirdi. Ƙwayoyin da aka lalata wa Eed, ɗaya daga ginshiƙan Polycomb, suna ci gaba da hayayyafa, sai dai gaɓoɓin da ya kamata su jira sukan yi ta yoyo, kuma tayin ɓera mai wannan lahani yakan lalace daidai lokacin da shimfiɗu uku ke shirin fitowa.

Misalin na da daɗi, shi ya sa ya yaɗu, amma ina ganin an ɗora masa fiye da ƙarfinsa. A 2012 wani rukuni a Holan ya kwatanta ƙwayoyin da aka raya a ruwan jinin ɗan maraƙi, kamar yadda aka saba, da waɗanda aka raya da sinadaran nan biyu na 2008. A na biyun alamar rufewa ta ragu ƙwarai a ƙofar gaɓoɓi, gaɓoɓi masu alama biyu sun yi ƙaranci, amma duk da haka gaɓoɓin ginin jiki ba su buɗe ba, kuma ƙwayoyin na rarrabuwa lafiya. Fahimtata ita ce dabaibayi na ƙaruwa ne inda ake yawan kiran doki. Inda aka toshe kiran, ba a cika buƙatarsa ba.

Akwai kuma metil da ake liƙawa a jikin DNA ɗin kansa, a harafin C, wanda furotin Dnmt1 da Dnmt3a da Dnmt3b ke kula da shi. Tun 1992 aka san tayin ɓeran da ba shi da Dnmt1 ba ya kaiwa haihuwa. Amma a 2006 rukunin Masaki Okano a Japan ya cire dukkan ukun daga ƙwayoyin tushe, ƙwayoyin suka ci gaba da rayuwa da hayayyafa kamar ba a yi komai ba. Sai an nemi su zama ƙwayoyin jiki ne suke kasawa. Dalilin ya bayyana a binciken Yehudit Bergman na Ƙudus, a shekarar dai, kan yadda ake rufe gaɓar Oct4. Mataki-mataki ne. Furotin masu dannewa ke fara hawa, kwafi ya tsaya. Sannan a cire alamomin buɗewa, sannan furotin G9a ya liƙa metil a matsayi na 9 na histon, sannan can daga baya metil ya hau DNA. Ƙwayar da ba ta da G9a na iya kashe Oct4 sarai, sai dai in aka mayar da ita tsohuwar tasa yana iya farkawa. Saboda haka waɗannan alamomi na ƙarshe ba su ke yanke hukunci ba. Aikinsu na kwado ne da ake sa wa ƙofar da aka riga aka rufe, don kada a dawo.

Ko bayan an daina kwafi, tsofaffin kwafen RNA na nan suna yawo a cikin ƙwaya, kuma sai an share su. Ƙananan RNA masu farautar manya ke wani ɓangare na wannan shara: a 2007 rukunin Robert Blelloch ya nuna ƙwayoyin da ba su da Dgcr8, furotin da ake buƙata wajen ƙera su, sukan kunna gaɓoɓin sabuwar hanya amma su kasa kashe na tsohuwa. A 2015 rukunin Jacob Hanna na Cibiyar Weizmann ya ga irin haka da aka cire Mettl3, mai liƙa wa RNA alamar da ke gajarta kwanansa. Kwafen Nanog da makamantansa suka ƙi ƙarewa, ƙwayoyin suka maƙale a bakin ƙofa.

5. Lokaci

An shafe shekaru ana mamakin me ya sa ƙwayoyin ɗan Adam ba sa jin LIF, sai FGF2 da Activin, alhali FGF ne ke korar na ɓera. Aka ce bambancin jinsi ne. A 2007 rukunoni biyu suka ciro ƙwayoyi daga tayin ɓera da ya ƙara kwana biyu ko uku, bayan ya kafu a mahaifa, sai ga su suna son FGF2 da Activin kamar na ɗan Adam. Ashe bambancin na shekaru ne, in ana iya kiran kwana biyu shekaru. A 2009 Nichols da Smith suka raba halin gida biyu, ɗanye da shiryayye. Dukkansu na da Oct4, amma ko zugazugin da ke hura gaɓarsa, wato yankin DNA da ke ƙarfafa kwafi daga nesa, ba ɗaya ba ne: ɗanya na amfani da na can nesa, shiryayya da na kusa.

Hujjar da ta fi burge ni a duk wannan fage sinadari ne guda, CHIR99021, mai tare GSK3 ya kwaikwayi saƙon Wnt. Shi ne ɗaya daga cikin biyun da ke zaunar da ɗanyar ƙwayar ɓera. Shi ne kuma, a hanyar da rukunin Sean Palecek na Wiskonsin ya fitar a 2012, ake zuba wa shiryayyar ƙwayar ɗan Adam na kwana ɗaya don a kore ta zuwa shimfiɗar tsakiya. A kwana na 3 sai a juya, a zuba abin da ke toshe Wnt ɗin da aka kunna da farko, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu tasar ta cika da ƙwayoyin zuciya masu bugawa. In aka bar Wnt a kunne, zuciya ba ta fitowa. Haka Activin: kaɗan ɗinsa na zaunar da ƙwayar ɗan Adam, mai yawansa kuwa, kamar yadda aka nuna a 2005, yana kai ta shimfiɗar ciki. Hanyar jijiya ta fi ban mamaki wajen sauƙi. A 2009 rukunin Lorenz Studer a New York ya toshe saƙonni biyu, na BMP da na Activin, bai ƙara komai ba, mafi yawan ƙwayoyin suka zama mafarin jijiya.

Mazauni ma na shiga lissafi ko a tasa. A 2014, a Jami'ar Rockefeller, Aryeh Warmflash da abokansa suka tsare ƙwayoyin ɗan Adam cikin 'yan da'irori masu faɗin milimita 1 ko ƙasa, suka zuba musu BMP4 iri ɗaya, awo ɗaya. Bayan kamar kwana biyu sai ga zobba: na baki irin mabiyiya, sai shimfiɗar ciki, sai ta tsakiya, a can tsakiyar da'ira kuma ta waje. Ƙwayoyin tsakiya na fitar da abin da ke tare BMP, kuma cunkoso na ɓoye makarɓansu na saƙon, shi ya sa ruwa ɗaya ya ba da amsa huɗu. Irin wannan gwaji na da daraja ta musamman, domin ƙa'idar kwana 14 da kwamitin Mary Warnock ya ba da shawararta a Birtaniya a 1984 ta hana raya tayin ɗan Adam a ɗakin gwaji har zuwa lokacin da shimfiɗun ke fitowa.

A 1957 Conrad Waddington ya zana ƙwallo na gangarowa daga tudu mai kwaruruka, kowane kwari makomar wata ƙwaya. Zanen ya fi makunni kusa da gaskiya, sai dai tudunsa a kafe yake, alhali abin da muka gani shi ne ƙwallon na sauya ƙasar da yake bi. Kuma ana iya mayar da shi sama. A 2006 Kazutoshi Takahashi da Yamanaka a Kiyoto suka tace jagorori 24 zuwa 4, Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, waɗanda ke mai da ƙwayar fatar ɓera ƙwayar tushe. Na ɗan Adam ya biyo a 2007, kyautar Nobel kuma a 2012, tare da Gurdon. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ƙasa da ƙwaya ɗaya cikin ɗari ce ta koma a waɗannan gwaje-gwaje na farko, bayan makonni. Duk sun sami jagorori huɗun, amma kwadon da aka yi bayani a sama bai buɗu wa galibinsu ba.

6. Ƙwayoyin da suka tsaya a ƙuruciya

Ƙwayoyin da muke samarwa a tasa na da aibi ɗaya da ya game su: jarirai ne. Na zuciya na bugawa, amma siffarsu da yadda suke ƙona abinci irin na tayi ne. Masu ƙera insulin sun ɗauki shekaru suna ƙin amsa sukari yadda ya kamata, har zuwa 2014 da rukunin Douglas Melton na Harbad ya fitar da hanya mai matakai 6 da ke cin mako 4 zuwa 5. Mun iya kwaikwayon makonnin farko na tayi, inda saƙonni ke sauyawa kullum. Abin da jiki ke yi cikin watanni har yanzu yana ba tasa wuya.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne jini. Ɗan Adam na ƙera himogulobin iri uku a jere: na farkon tayi, na cikin ciki, da na bayan haihuwa. Lahanin amosanin jini, wato sikila, yana cikin gaɓar na ukun ne, shi ya sa jaririn da ya gaji cutar kan yi watannin farko lafiya, sai wajen wata 5 ko 6, lokacin da na cikin ciki ya ja baya, ciwo ya fara. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haifar irin waɗannan yara a duniya, kimanin 150,000 a shekara bisa ƙiyasin da aka fi ambata. A 2008 rukunin Stuart Orkin a Boston ya gano cewa jagora BCL11A ne ke danne himogulobin na cikin ciki, a 2013 kuma suka gano zugazugin da ke hura shi a ƙwayoyin jan jini kaɗai. Maganin Casgevy, da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba, wannan zugazugi yake yankewa a ƙwayoyin tushen jinin majiyyacin kansa, ba na tayi ba. Bai taɓa gaɓar da ke da lahanin ba. Yana sauke awon BCL11A ne, sai himogulobin na cikin ciki ya dawo. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wanda ya sa a yanzu iliminsa kawai ya iso gare mu.

Jajayen ƙwayoyin da ake samarwa daga ƙwayoyin tushe na tayi, ko daga irin na Yamanaka, galibi himogulobin na farkon tayi da na cikin ciki suke ƙerawa, saboda BCL11A ɗinsu bai tashi ba. Wanda ya ɗauki fatar mai sikila ya mai da ita ƙwayar tushe, ya rarraba ta zuwa jini don ya nazarci cutar a tasa, sai ya sami ƙwayoyin da ke ɗauke da lahanin a DNA amma ba su kai shekarun nuna shi ba. A 2014 wani rukuni a Biristol ya nuna cewa kafin irin waɗannan ƙwayoyi su ƙera himogulobin na manya da yawa, sai an cusa musu KLF1 da BCL11A, na biyun kuwa shi ne furotin ɗin da likitoci ke saukewa a jikin majiyyaci.